Keken Rijiyar Gidan Rayyanu

Gidan Rayyanu, ta Alasan Mairairai
Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Zuwa ga yayana Malam Na Allah, a Tasawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Safi da duk mutanen gida. Ya zafi? Mu nan sai godiya. Na rubuto ne don na san kunnenka ba ya ɗaukar waya tun da ƙarar injinanka ta cinye shi, ga shi nan garin sai an hau tudu ake samun rezo, wato sabis ɗin waya.

Yaya, keken rijiya ya iso. Ɗan Baba direba ya sauke shi ranar Laraba, muka haɗa shi yadda ka zana muna: ƙafafu huɗu bisa bakin rijiya, sandar ƙarfe a tsakiya mai naɗe igiya, hannun juyawa, da faifan nan mai haƙora da ke riƙe kaya in an saki hannu. Mutum biyu kaɗai ke juya shi! Da ka ga jama'a. Maigari ya shafa jan fentin ya ce, "Wanga aikin malamin lakwal ne? Cikin gida ya yi shi?" Na ce mashi shekara shida ke nan tun da ka bar koyarwa kana wasa da ƙarfe a rumfar bayan gidanka, har wasu na cewa ka zauce. To yau sun ga zaucewar.

Surukinka Sule, mijin Raihana, ya shiga sau biyu, gaba talatin da biyu har ƙasa. Ya ce bai taɓa sauka cikin natsuwa irin haka ba. An fidda yashi guga sittin. Aikin ba ya sauri, don ƙasan rijiyar ba iska, awa guda da safe kawai mutum ke iyawa, kuma yashi na ƙara zubowa. Amma ruwa ya fara tsattsafowa.

Bello kuwa bai zo ba. Ka san gidansu ke riƙe da yasar rijiyar nan tun kakanni, da gungumen icce da mutum goma sha biyu masu riƙe igiya. Shi ya ce a jira samari su dawo daga ci-rani da damina, don babu ƙarti isassu a gari. Mu jira damina da mi? Mata na tafiyar awa biyu da jakuna kafin su samu ruwa. Yanzu yana ƙofar gidanshi yana ce ma mutane shi bai yarda da ƙarfen da ba maƙeri ya yi ba. Ya ci gaba da faɗi.

Ka fidda ni kunya, Yaya. Allah ya ƙara basira. Raihana da 'yar jikarka Ramlatu na gaishe ku.

Ƙanenka,
Lawali

*

Tasawa
Alhamis, 10 ga Afrilu 2025

Zuwa ga ƙanena Lawali.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wasiƙarka ta same ni, na kuma gode da addu'a. Ina gaida maigari da dukan dangi. Ka yi haƙuri zan taƙaita gaisuwa, domin maganar da ke tafe da ni ba ta jira.

Kada kowa ya sake shiga rijiya da keken nan. Daga ranar da takardar nan ta shiga hannunka, ka kwance igiyar, ka cire hannun juyawa ka aje a ɗakinka.

Ga dalili. Sandar tsakiyar keken, daga ƙafar wata tsohuwar mota na ciro ta. Su biyu ne, iri ɗaya. Ɗaya na yi muku aiki da ita, ɗayar na yi wa kaina ƙaramin keke na ɗaga tanon ruwa, wato duro, zuwa bisa dakali saboda shukar Safi. Hannu ɗaya ya yi su, rana ɗaya, da walda iri ɗaya. Shekaranjiya da hantsi ina ɗaga tano, ruwan cikinsa bai fi rabi ba, sandar ta karye daidai inda na liƙa mata faifan haƙora. Ba ta lanƙwashe ba, ba ta yi ƙara ba, ba ta ba ni alamar komai ba. Ta ɓalle kawai kamar an karya ƙwayar sukari. Nauyin rabin tano kuwa bai wuce nauyin Sule da gugan yashi ba.

Na aika da guntayen ga Misbahu, mai walda na bakin tasha, wanda shekara ashirin yana wannan sana'a. Ya zo har gida, ya yi mini bayani da ƙarfi a kunne. Ya ce ƙarfen ƙafar mota mai tauri ne, ba irin na ƙofa da taga ba. In za a yi masa walda sai an fara gasa shi, a yi da sandar walda ta musamman, sannan a binne shi cikin toka ya huce a hankali. In ba haka ba, yana tsagewa daga ciki, tsagar tana ci kullum kaɗan-kaɗan har ranar da za ta gama. Ni ban yi ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, domin ban sani ba. Abin da na iya, a ƙofofi da kujeru na koye shi.

Safi ta kira wayarka sau bakwai ba ta shiga. Shi ya sa na roƙi Ɗan Baba ya ba ka wannan hannu da hannu.

Misbahu ya yi alkawarin samo sandar da ta dace daga Maraɗi, amma sai nan da mako uku. Na san halin da kuke ciki na ruwa. Duk da haka ka dakatar. Ka gaya wa maigari kuskurena ne, ka kira sunana, kada ka ɗauki komai a kanka.

Ka rubuto mini cewa ka kwance igiyar. Allah ya tsare mu baki ɗaya.

Yayanka,
Na Allah

*

Gidan Rayyanu
Lahadi, 13 ga Afrilu

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Takardarka ta zo, na karanta ta sau biyu.

Na je na duba sandar da idona. Na ƙwanƙwasa ta da dutse, ƙararta garau. Na rataya a jikinta. Ba tsaga, ba komi, fentin ma bai kwarzane ba. Jiya Sule ya shiga karo na uku ya fito lafiya, an fidda guga talatin. Taka ta karye, to, Allah ya sa abin ya tsaya nan. Wataƙila ita ce mai ciwon tun tana jikin motar. Don ɗaya ta karye ba shi ne ɗayar za ta karye ba.

Mako uku ka ce. Ka san mi mako uku ke nufi a nan? Shekaranjiya saniyar maƙwabcina Alamin ta faɗi a hanyar mashaya ba ta tashi ba. Gwaggo, da tsufanta, da gurɓataccen ruwa mai laka take alwalla. Kai kana Tasawa, ka murɗa famfo ruwa ya zo. Saura shiga huɗu ko biyar mu kai ga idon ruwa.

Kuma in tsaya gaban maigari in ce mi? Ni na tsaya a dandali na ce ma Bello zamaninshi ya wuce. Ni na ce in wani abu ya faru a kama ni. Yanzu in koma in ce a yi haƙuri, ƙarfen yayana ruɓaɓɓe ne? Shi Misbahun naka, ai dole ya kushe. Mai sana'a ba ya son ganin wanda ya koya a gida ya yi abin da gari guda ke yabo.

Ka yafe mani, Yaya, amma haka kake tun muna yara. Ka yi abu mai kyau, sai tsoro ya kama ka, ka dawo ka rushe shi da hannunka. In abin ya kai yadda kake faɗi, mi ya hana ka zo da kanka? Mota na zuwa sau biyu a mako.

Ban nuna ma kowa takardar ba, kuma ba zan nuna ba. Ka kwantar da hankalinka. In sabuwar sandar ta zo sai mu sauya.

A gaida Yaya Safi.

Lawali

*

Gidan Rayyanu
Talata, 15 ga Afrilu

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Inna. Ya jiki? Na ce ya jiki ne don na sani.

Jiya na hau tudu na kira Inna don in ji lafiyarku, sai na ji muryarta ba daidai ba. Na matsa mata har ta yi kuka. Ta ce tano ya faɗo maka a ƙafa, ƙashi biyu sun karye, an ɗaure ka da filasta har gwiwa, likita ya hana ka taka ƙasa. Ta ce ka hana a gaya muna. Baba, mako guda ke nan! Don mi?

Sannan ta ce, "To an dai kwance keken ko?" Na ce wane keke? Ta ce ai ka rubuto wa Baba Lawali tun ranar Alhamis. Rezo ya ɗauke kafin ta ƙarasa. A daidai lokacin kuwa mijina, baban Ramlatu, yana cikin rijiya, shigarshi ta huɗu.

Da na sauko na wuce gidan Baba Lawali. Na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi ko akwai saƙo daga gare ka. Ya ce, "Gaisuwa ce kawai." Na ce Inna ta yi maganar keke. Ya dube ni ya ce, "Raihana, maganar ƙarfe ba taki ba ce. Babanki tsufa ya fara kama shi. Je ki gida." Ban gaya mashi maganar ƙafarka ba, tunda ka hana, amma na gane bai sani ba.

Na gaya ma baban Ramlatu abin da na ji. Ya ce shi ba zai janye kan maganar da aka ji rabi a waya ba, alhali garin na kallonshi. Ya ce in akwai takarda a nuna mashi.

Baba, ƙanenka ne, kuma ubana ne, ba ni son in yi mashi rashin kunya. Amma mijina ne ke rataye a igiyar nan. Ka gaya mani gaskiya duka, kada ka rage don kar in tsorata. Na riga na tsorata. Ɗan Baba zai juyo jibi, ka ba shi amsa ya kawo mani gida, ba ta hannun kowa ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce.

Ɗiyarka,
Raihana

*

Gidan Rayyanu
Lahadi, 20 ga Afrilu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya ƙafa? Amsarka ta zo ranar Alhamis tare da kwafin takardar da ka aiko ma Baba Lawali. Na yi yadda ka ce, amma abin ya juye, ban san ko gyara na yi ko ɓarna ba.

Na fara karanta ma baban Ramlatu. Da na kai wurin ƙwayar sukari ya ce in maimaita. Sannan ya ce, "Wanda ya ƙera abu ya ce kar a hau, ni wane ne?" Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka tafi ƙofar maigari. Shi ya yi sallama, ni na tsaya daga gefe da takarda. Maigari ya ce in karanta da ƙarfi tunda magana ce ta rijiyar kowa. Na karanta, Baba, gaban dattawa duka. Ban tsallake ko kalma ba.

Maigari ya juya ya ce, "Lawali, ka samu irin wagga takarda?"

Ya ce, "Na samu."

"Yaushe?"

"Kwana bakwai."

 Bello na zaune bisa buzunshi yana jan carbi, bai ko ɗaga kai ba, kuma na ga hakan ya fi ma Baba Lawali zafi bisa ga zagi. Sai ya miƙe ya ce takarda ba ta ɗaga kaya, a zo a gwada ƙarfen gaban kowa.

Jiya da safe aka gwada. Aka cika buhu uku da yashi, nauyin mutum uku, aka ɗaure, aka zura har ƙasa, aka jawo. Ina tsaye ina roƙon Allah, ban ma san abin da nike roƙo ba. Sandar ba ta yi komi ba. Aka sake, har sau uku. Ba ta yi komi ba. Mutane suka ɗau sowa. Wata mata ta ce da ni, a kunnena, "Kin hana mu ruwa kwana biyu a banza." Wasu na cewa kishin Misbahu ne, wasu na cewa ni ce ba ni son mijina ya wahala.

Baba Lawali ya dubi baban Ramlatu ya ce, "To, Sule?"

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Surukina ya ce kar in shiga. Sai in shi ya janye."

Sai Baba Lawali ya tuɓe hularshi ya ce, "Shi ke nan. Ba zan sa mijin kowa ba, kar a ce na yi caca da ran ɗan wani. Ni zan shiga."

Baba, shekararshi hamsin da shida, kuma rabonshi da shiga rijiya tun ban yi wayo ba. Gwaggo ta riƙe mashi riga tana kuka, ya zame. Nan na kasa haƙuri na ce, "Baba Lawali, ƙafarshi ta karye! Tanon a kanshi ya faɗo, shi ya hana shi zuwa!" Ka yafe mani, na karya maganarka. Ya tsaya cak, fuskarshi ta sauya, na ɗauka ya sauko. Sai ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Da ya gaya mani." Ya juya.

Abin da maigari ya iya kawai shi ne ya sa a jira har ranar Alhamis, ko wani saƙo zai zo daga gare ka. In bai zo ba, da hantsi zai shiga. Na roƙi a ɗaura mashi igiya ta biyu mutane su riƙe, ya ce wanda ya kawo igiya ta biyu ya zage shi.

Ni yanzu har na fara shakka. Buhu uku, sau uku, Baba. Ko dai taka ce kaɗai mai ciwon? In kana da abin da ya fi abin da ka rubuta, ka fito da shi yanzu.

Ɗiyarka,
Raihana

*

Tasawa
Laraba, 23 ga Afrilu 2025

Zuwa ga ƙanena Lawali, shi kaɗai.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ɗan'uwana. Takardar Raihana sai yau da azahar ta iso, motar Ɗan Baba ta lalace a hanya. Misbahu ya yarda zai rufe shagonsa ya taso da moto, babur ɗinsa, da asuba ya kawo maka wannan. Ina roƙon Allah ya same ka a bisa ƙasa.

Ka ce don ɗaya ta karye ba shi ne ɗayar za ta karye ba. Da gaskiyarka, in da abin da na gaya maka shi ne duka. Ba shi ne duka ba.

Ranar da na gama waldar sandarku, na aje ta tana hucewa, ina share rumfa. Kunnena bai ji komai ba, amma hannuna yana bisa teburin, na ji wani ɗan motsi ya ratsa ƙarfen, kamar an ɗalle shi da farce. Na ɗauko gilashina na duba. A gindin faifan haƙora, ta ɓangaren hannun juyawa, na ga layi siriri kamar gashi, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Na gan shi, Lawali. Na san ba daidai ba ne ko da ban san sunansa ba.

Washegari Ɗan Baba zai zo ɗauka. Ka riga ka gaya wa gari rana. Ni kuma shekara shida ana yi mini dariya a unguwa, ana cewa tsohon malami yana ƙona kuran, wutar lantarki, a banza, ga shi karo na farko an nemi abu na gaske daga hannuna. Sai na bi layin da walda na rufe shi, na goge, na shafa jan fenti har hawa biyu. Na ce wa kaina ya toshe. Tawa sandar, wadda ta karye, ban ga komai a jikinta ba. Taku ce mai tsagar. Buhunan da kuka gwada ba su nuna lafiyarta ba, ƙara mata ciwo suka yi.

Ban rubuta wannan a takardar farko ba domin na so a dakatar ba tare da an san na gani na rufe ba. Na ɓoye ƙafata domin kada a tambaye ni da yawa. Na bar ka ka tsaya gaban jama'a kana kare abin da ni na san ba shi da lafiya, na bar mijin ɗiyata ya rataya a kansa sau huɗu. Ka ce ni matsoraci ne. Haka ne, sai dai ba inda kake zato ba.

Kada ka yarda da maganata, ka gani da idonka. Ka kankare fentin wurin da wuƙa har ƙarfe ya fito fari. Ka shafa kananzir, ka jira kamar tsawon sallar raka'a huɗu, ka goge ya bushe sarai. Sannan ka murza alli a kai. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ta zai fito ya zana ta a jikin allin. Misbahu yana ɗauke da duka, amma bai san abin da ke cikin takardar nan ba. Ba wanda ya sani, har Safi.

In allin ya zauna fari, ka shiga, ba zan ƙara cewa komai ba. In ya zana, takardar nan taka ce, ka karanta wa duk wanda ka ga dama. Uwa ɗaya ta haife mu, mu biyu muka rage. Kada ka sa in zama ni na kashe ka.

Yayanka mai neman gafararka,
Na Allah

*

Gidan Rayyanu
Alhamis, 24 ga Afrilu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina rubutu da sauri don Malam Misbahu zai juya bayan la'asar. Kowa na da rai. Na fara da wannan don Inna.

Da hantsi gari duka na bakin rijiya. Maigari ya yi ta jan lokaci, ya sa a yi addu'a, ya sa a sake duba ƙullin igiya, har ya rasa abin cewa. Baba Lawali ya ɗaura igiya a ƙugu da cinyoyi, ya zauna a bakin rijiya ƙafafunshi na lilo ciki. Ya ce da masu juyawa, "Bismillah." Sun kama hannu ke nan muka ji moto. Yashi ya kada Malam Misbahu sau biyu a hanya, ya iso gwiwarshi na jini, yana ɗaga takarda sama yana cewa, "Ku tsaya! Daga Malam!"

Baba Lawali ya ce, "Kai ne Misbahun? Ba ka taɓa mani ƙarfe."

Ya ce, "Ban zo taɓawa ba, Alhaji. Aike ne."

Baba Lawali ya karɓa, yana zaune a wurin, igiya a jikinshi. Ya karanta. Ban san abin da ka rubuta ba, Baba. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Ya ninke ta ya sa a aljihu. Sannan ya jawo ƙafafunshi waje ya ce, "A ba ni wuƙa."

Shi da kanshi ya kankare fentin. Malam Misbahu ya miƙa mashi kwalbar kananzir da alli, ya karɓa bai dube shi ba. Ya shafa, muka jira. Har kukan tantabarun cikin rijiya ake ji. Ya goge da gefen rigarshi, ya murza alli, wurin ya yi fari fat. Wani daga baya ya ce, "To ai ga shi, ba komi."

Sai layi ya fara fitowa. Siriri, baƙi-baƙi, kamar ana zana shi da allura. Baba Lawali ya juya sandar a hankali yana bin shi da yatsa. Layin ya zagaye ta kusan duka, abin da ya rage bai fi faɗin yatsa biyu ba. Malam Misbahu ya ce, "Inna lillahi." Baban Ramlatu ya zauna a ƙasa inda yake tsaye.

Baba Lawali ya sa aka sauke sandar bisa yashi, ya ɗauko taɓaryar wata mata ya buga ma faifan sau ɗaya. Ba da ƙarfi sosai ba. Ya ɓalle ya gangara gefe. Cikin karayar duk ya yi duhu, sai ɗan wuri kaɗan ke walƙiya, Malam Misbahu ya ce wannan ɗan wurin ne kaɗai ke riƙe da mutum.

Bello ya taso ya zo ya duƙa ya duba. Kowa na jiran abin da zai ce. Ya ce, "Allah ya kiyaye," ya kama hannun Baba Lawali ya fara kwance mashi ƙullin igiyar, don yatsunshi sun kasa.

Maigari ya tambayi abin da ke cikin takardar. Baba Lawali ya ce, "Ya gaya mani inda zan duba." Bai ƙara ba, ya tafi gida, bai fito ba har yanzu.

Matsalar ruwa na nan yadda take, ban san yadda za a yi ba. Amma yau na ci abinci. Ka kula da ƙafarka.

Ɗiyarka,
Raihana

*

Gidan Rayyanu
Talata, 29 ga Afrilu

Yaya,

Salamu alaikum. Ya ƙafa?

Na taka har ƙofar Bello na roƙe shi. Ya aika zangon Almustapha da ke kusa da mu, suka zo da mutum takwas, muka cika sha biyu, ni ne na ƙarshe a igiya. Sule ya shiga sau uku. Jiya ruwa ya ɓalle, ya kai mashi ƙirji kafin a jawo shi.

Takardarka na aljihuna. Ban karanta ma kowa ba. Ni na ɓoye ta farko kwana bakwai, kuma na faɗi haka da bakina a masallaci ranar Juma'a. Taka maganar, kai za ka faɗe ta, ba a dandali ba, gaban Sule da Raihana. Su ke da hakki.

Ban huce ba tukuna, kar ka ɗauka na huce. Amma ina tafe ranar Lahadi da motar Ɗan Baba in ga ƙafar nan da idona. Ka ce ma Yaya Safi ta dama fura da yawa.

Ƙanenka,
Lawali